Get Goma Sha Biyu a Bakin Teku

Kawu,

Sallama da gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti. Yaya gwiwar? Kunnen ba sai na tambaya ba, na san yana nan yadda injin yankan ƙarfe ya bar shi. Shi ya sa na haƙura da kiran waya, don na gaji da ihu a titi mutane suna juyowa suna kallona. Na samu wani direban motar kifi da ke bi ta gaban gidanku duk bayan mako biyu, ya ce zai riƙa kai maka takarda yana karɓo amsa. In ka ji tana ƙarni, ka san a inda ta kwana.

Ni lafiya lau nake. Ɗakin da na kama ƙarami ne, a saman bene, in na tura taga sai teku. Abin da ya gagare ni sabo shi ne laima. Ka shanya kaya da safe, ka kwashe su da yamma kamar ba ka shanya ba. Filayar da ka ba ni, wadda ta shekara goma a shagonka ba ta san tsatsa ba, mako uku kacal ta yi a nan ta fara ja.

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Akwai wani layi mai gidaje goma sha biyu, duk gini iri ɗaya, suna fuskantar ruwa, kowanne da get mai buɗe kansa da rimot, irin mai tafiya a kan layin ƙarfe. Manajan gidajen ya gaji da mai gyaransu na da. Da na je, sai da ya dube ni sama da ƙasa sannan ya ce, "Ke ce mai gyaran ko aiko ki aka yi?" Na ce ni ce. Ya ce, "Wa ya koya miki?" Na ce kawuna, shekararsa talatin da ɗaya a wannan sana'a, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Ya ce to ga su nan, in suka ƙetare damina suna buɗewa suna rufewa, aikin ya zama nawa har illa masha Allahu.

Kawu, da ka ga halin da na same su da ka yi ta faɗa har muryarka ta dashe. Layin ƙarfen cike da yashi. Mai gyaran na da ya lafta giris a ko'ina, yashi ya manne a jiki yana cin tayoyin. Idon get ɗin, wanda ke hana shi danne mota, gishirin iska ya yi masa yana. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne akwatunan wuta, inda fanel yake, koren allon nan mai ba inji umarni. Kowane akwati da ramuka biyu a ƙasansa, a buɗe, kamar an yi wa ƙwari ƙofar shiga. A gida na huɗu na tarar da tsaka ta soye a kan fanel.

Nan take na ji muryarka a kunnena: a toshe kowace kafa, ko da ta allura ce. Na sayo gam, na bi su ɗaya bayan ɗaya na liƙe, murfi da gindi da bakin bututun waya. Yanzu ko kiyashi ya zo sai dai ya juya.

Ban manta abin da dangi suka faɗa ranar da ka miƙa min sukudireba ba. Wai mace da wayar wuta, wai ka rasa wanda za ka koya wa. Kai kaɗai ka tsaya min. Yanzu na ajiye sunanka a gaban manajan nan, kuma ba zan bari ya taɓa ƙasa ba.

Ka gaida Anti. In Umma ta leƙo, ka ce mata ina cin abinci.

'Yarka.

*

Injiniya,

Na amsa sallamarki, na kuma amsa gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulki, in ta ga dama ta bar ni in fita, in ba ta ga dama ba in wuni a kujera. Takardarki ta iso da ƙarninta, kyanwar maƙwabta ta rako direban har ƙofar ɗaki.

Sau uku na karanta ta. Na karanta wa Antinki, da uwarki ta zo na karanta mata ita ma. Ƙanwar tawa ba ta ji komai a ciki ba sai maganar abinci, ta ce ƙarya kike yi. Ni kuwa wurin da na fi so shi ne inda manaja ya tambaya ko aiko ki aka yi. Da ina wurin da na ce masa e, ni na aiko ta.

Kin yi daidai da kika toshe akwatunan. Wannan mai gyaran na da ban san shi ba, amma raggo ne. Duk fanel ɗin da na taɓa cirewa a mace, in ba tsawa ce ta kashe shi ba, to tsaka ce ko tururuwa. Giris kuma ki kankare shi daga layi gaba ɗaya. Layi ba ya son giris, tsintsiya yake so. Ki ce wa masu gadin gidajen su riƙa share shi kullum da safe. Filaya ki riƙa goge ta da tsumma mai ɗan mai kafin ki ajiye, ba ta saba da wulaƙanci ba.

Ni ma ina da labari. Mutanen cibiyar koyon sana'a da ke bayan tashar mota sun zo har gida, wai in riƙa zuwa sau biyu a mako ina koya wa ɗalibansu aikin injin get. Na yi musu 'yar jan aji na kwana biyu don kada su raina ni, amma ke zan gaya miki gaskiya, tun kafin su rufe baki na amince a raina. Tun da gwiwa ta hana ni tsuguno na rufe shago, zaman gida yana cina. Antinki ta ce na gyara duk abin da ke gidan nan, har wanda bai lalace ba. Yanzu ga mutum goma sha huɗu a gabana, wasunsu da furfura, suna rubuta abin da na faɗa a littafi. Ban san haka abin yake da daɗi ba.

Maganar sunana kuma kada ta hana ki barci. Ki yi aikinki yadda na koya miki, shi ke nan.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka da Anti, ina taya ka murnar zama malam. Ina fata ba ka yi wa masu furfurar tsawa yadda kake yi min.

Ni lafiyar jiki ƙalau, amma hankalina ba a kwance yake ba. Damina ta sauka mako uku da suka wuce, kuma get uku sun mutu: gida na uku, na bakwai da na goma sha ɗaya. Na bakwai ɗin na wata likita ce. Ta fito da safe za ta asibiti, ta danna rimot har yatsanta ya gaji. Kafin in iso in saki injin da makulli mu tura da hannu, ta makara da awa guda. Ba ta yi min faɗa ba, kallona kawai ta yi, kuma da ta yi faɗan da ya fi min sauƙi.

Na buɗe akwatunan. Babu tsaka, babu tururuwa, amma fanel ɗin ya yi fari-fari da kore-kore, kamar burodin da ya kwana biyar a leda. Ruwa ne ya taɓa su, ban san ta inda ya shiga ba. Manaja ya sa an kawo sababbi na ɗaura, daga nan kuma ya daina amsa gaisuwata da fara'a.

Me ka gani a wannan?

'Yarka.

*

Injiniya,

Mun amsa gaisuwa, muna lafiya. Direban yana tsaye a kaina yana duba agogo, don haka a taƙaice.

Ruwa ba aljani ba ne. In kin same shi a ciki, to kin bar masa hanya. Na san hannunki, kina da sauri, kuma mai sauri yakan tsallake kusurwa. Ki koma kansu duka goma sha biyun, ki kankare tsohon gam ɗin, ki goge wurin ya bushe, ki sa sabo layi biyu. Ki bi da yatsa, kada ki yarda da ido. Kan kusoshin murfi ma ki ɗiga musu.

Likitar ki je ki ba ta haƙuri da bakinki, kada ki aika. Kuma ki daina auna fuskar manaja, ba mita ba ce.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Anti, ina fata kuna lafiya. Ni ma lafiya.

An shawo kan matsalar, get ɗin duk suna aiki. Kada ka ƙara wahalar da kanka wajen aiko min da shawara a kan wannan. Aiki ya yi min yawa, zan rubuto da tsawo in na samu sarari.

'Yarka.

*

Injiniya,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ki. Mu nan muna nan yadda kika sani.

Yau wata biyu da kwana shida ke nan da 'yar guntuwar takardarki ta iso. Sau huɗu motar kifi tana tsayawa a ƙofar gidan nan, sau huɗu direban yana girgiza min kai tun kafin ya sauko. Har kunyarsa na fara ji. Na tambaye shi ko ba ki da lafiya, ya ce ya gan ki da idonsa a tsugune gaban wani get, da jakar aiki, kina dariya da wani dattijo. To alhamdu lillahi.

Na karanta layin nan naki har na haddace shi. Kada in ƙara wahalar da kaina da shawara. Antinki ta ce tausayina kike ji. Ni na ce mata a'a, na san irin wannan magana, ni ma na taɓa faɗa wa wanda ya koya min, lokacin da na ga na fara iyawa. Ba laifi ba ne. Kowane mai koyo yana da ranar da maganar malaminsa ke zame masa surutu. Sai dai ban zaci taki za ta zo da wuri haka ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi min ciwo. In kin samu wani malamin a can, ki gaya min, ba zan yi fushi ba. Ko in yi na kwana biyu in huce.

Duk da haka ina da abin da zan gaya miki, don ba ni da wanda zan gaya wa ya gane. Shugabar cibiyar ta ga littafin da na rubuta nake koyarwa da shi, ta ce za su buga shi a raba wa ɗalibai, na bana da na baɗi, har a aika wa sauran rassansu. Akwai reshe biyu a can wajenku, bakin ruwa. Ƙarshen watan gobe za a kai wa mai bugawa. Shafin farko shi ne dokar toshe akwati. A ƙarƙashinta na rubuta labarinki: 'yar ƙanwata ta sami get goma sha biyu a bakin teku suna mutuwa, ta toshe su, ta ƙara toshewa, suka tashi. Ɗalibai sun san ki sarai. In ɗayansu ya yi aikin ganganci, sauran sai su ce masa, Injiniya ba za ta yi haka ba.

Ba sai kin rubuto da tsawo ba. Layi biyu ma ya isa, in dai ba irin wancan ba ne.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti, ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya. Ni jikina lafiya. Na karanta takardarka a tsaye a bakin titi, ban kai gida ba sai da na zauna a kan wani dakali na yi kuka, mai sayar da rake yana ta ba ni haƙuri bai san a kan me ba.

Ba ni da wani malami sai kai. Ban yi shiru don na ƙoshi da maganarka ba. Na yi shiru ne don ina da maganar da na rasa ta inda zan fara. Sau biyar ina fara takardar nan ina yagewa. Amma tunda za a buga littafi har a kawo shi bakin ruwa, dole in faɗa, ko da za ka daina kirana Injiniya.

Na yi abin da ka ce. Na kankare, na goge, na sa gam layi biyu, na bi da yatsa. Cikin mako uku get biyar suka sake mutuwa, har da na likita karo na biyu. Da na yanke gam ɗin akwatinta na ɗaga murfi, ruwa ne ya zubo min a kan takalmi, ya kai rabin kofin shayi. Akwatin da ko allura ba za ta shiga ba, Kawu. Manaja ya kira ni ofis ya ce, "Wannan kawun naki da kike ta faɗa, a ina ya koyi aiki?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce masa hannuna ne, ba koyarwarka ba. Ya ba ni mako biyu.

Sai in fara da laifina. A takardata ta farko na ce maka na toshe duka goma sha biyun. Ƙarya ce, goma sha ɗaya na toshe. Gam ya ƙare min a gida na tara, na bar ramukan ƙasa a buɗe da niyyar dawowa, na manta. Karo na biyu kuma masu gidan sun yi tafiya da makullin akwatin. Kullum in na wuce gidan sai in ce shi ne zai tona min asiri. Da suka dawo na buɗe shi, sai na same shi a bushe ƙayau, fanel ɗinsa kamar yau aka ɗaura. Shi kaɗai ne bai taɓa ko tari ba.

Na zauna a gabansa na rasa abin da zan yi tunani. Dattijon da direba ya gan ni da shi mai gyaran injin jiragen kamun kifi ne, rumfarsa tana ƙarshen layin. Ya ga na daɗe a zaune, ya taho ya leƙa akwatin gida na tara, ya je ya leƙa na bakwai, ya ce, "'Yata, akwatunanki gumi suke yi." Ya ce iskar nan rabinta ruwa ce da gishiri. Duk yadda ka liƙe akwati, in rana ta gasa shi sannan ya huce, sai ya zuƙo iska ta cikin bututun waya. Iskar ta kwanta a jikin murfi ta zama raɓa, ta ɗiga a kan fanel. Gobe haka, jibi haka. Shiga tana da hanya, fita ce babu. Ya ce, "Ramukan da kika toshe, masu ƙera akwatin don wannan suka yi su. Mu a jirgi ba ma hana ruwa shiga, don ba za mu iya ba. Hanyar fita muke ba shi."

Ranar na bi su duka na buɗe ramukan, na ƙara huda ɗaya a kowanne, a ƙasa ta gefen da ba ya fuskantar teku. Na wanke fanel ɗin da za su wanku, na fesa musu maganin da dattijon ya nuna min. Yau kusan wata uku, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ko ɗaya bai sake tsayawa ba. Manaja ya ce aikin nawa ne.

Ka ga, get ɗin sun tashi ne ranar da na warware abin da ka koya min. Yaya zan rubuta maka wannan, alhali ga ka tsaye gaban mutum goma sha huɗu, ka samu abin da ya fitar da kai daga kujera? Na ce in yi shiru, kai kana can inda dokarka take daidai, ni ina nan, ba wanda ya cutu. Ban san za ta biyo ni a littafi ba.

Dokarka ba ƙarya ba ce, Kawu. A garinmu gaskiya ce, na gani da idona shekara shida. Nan ne ba ta aiki. Ka yafe min ƙaryar, ka yafe min shirun. In ka ga dama ka yi min faɗa shafi goma, zan karanta duka.

'Yarka, har gobe.

*

'Yata,

Antinki ce. Ina gaishe ki. Kada ki tsorata da ganin rubutuna, lafiyarsa ƙalau. Ya hana ni rubuto miki, shi ya sa nake rubutawa.

Ranar da takardarki ta zo ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce mai gyaran jirgi me ya sani game da get. Abincin rana bai ci ba. Kwana biyu ba ya magana sai e da a'a, cibiyar ma ya aika cewa gwiwa ta tashi, alhali ina kallonsa yana zagaya tsakar gida.

Rana ta uku ya shiga ɗakin da ya tara kayan shago, ya fito da akwatuna biyu. Ya yanka min tawul ɗina sabo, wanda ko sau ɗaya ban goge jiki da shi ba, ya jiƙa, ya sa rabi a wannan rabi a wancan. Ɗaya ya liƙe shi da gam ko'ina, ɗaya ya huda masa gindi. Ya ajiye su a rana ya ja kujera ya zauna yana gadinsu, kamar za su gudu. Washegari da sassafe ya kira ni wai in zo in zama shaida. Ya buɗe liƙaƙƙen, murfin duk ɗigon ruwa. Ya buɗe hudajjen, babu komai. Bai yarda ba, ya sake, har sau uku. A na ukun ya daɗe yana kallon murfin, sannan ya ce, "Yarinyar nan." Daga nan ya nemi abinci.

Kin yi daidai da kika faɗa masa. Amma wata biyun nan da kika yi shiru, ni na sha wahalarsu, kuma za mu yi maganar in kin zo. Ki ba shi lokaci. Kin san shi, ba ya juyawa da sauri, amma in ya juya ya juya.

Antinki.

*

Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, kuma na san Antinki ta rubuto miki, don ita ba ta iya ɓoye biro ba.

Faɗan shafi goma ba za ki samu ba, takarda ta yi tsada. Ga na layi uku. Kin ce wa manaja hannunki ne. Wannan ita ce ƙaryar da ta fi ɓata min rai, ta fi ta gida na tara. Ban koya miki ɗaukar laifin wani ba, ko da nawa ne. Ki koma ki gaya masa cewa kawunki ne ya ce a toshe, ya kuma ce a ƙara, kuma kawun naki bai taɓa ganin teku ba.

Jiya na koma cibiya da akwatuna biyu a hannu. Na ajiye su a kan tebur, na ce wa ɗalibai su buɗe littafinsu shafin farko. Na gaya musu komai, har rabin kofin shayin da ya zubo miki a takalmi. Ban taɓa jin nauyin baki irin na jiya ba. Sai wani mai furfura a baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mu yanzu mu toshe ko mu huda?" Na ce ku fara ɗaga kai ku dubi garin da kuke. Shekara talatin da ɗaya ina zaton na san akwati, ashe akwatin garinmu kaɗai na sani. Na yi zaton za su raina ni. Da aka tashi, sai da suka riƙe ni awa guda da tambayoyi.

Na ce wa shugabar a dakatar da bugun littafin. Shafin farko zai zama biyu, ɗaya na busasshen gari, ɗaya na bakin ruwa. Na biyun ke za ki rubuta shi, da hannunki, da sunanki a ƙasa. Ki sa abin da dattijon nan ya faɗa yadda ya faɗe shi, ki kuma gaishe min da shi, ki ce na gode da ya kula min da 'ya.

Abu ɗaya ya rage, kuma in kin ga dama ki kira shi shawara. Kin buɗe ramuka, ruwa ya samu hanyar fita. Tsakar da kika tarar a gida na huɗu tana da dangi, kuma damina na wucewa za su zo gaisuwa. Ki samo raga mai ƙananan ido, ta roba, don ta ƙarfe ba za ta yi wata guda a wajenku ba. Ki yanka daidai bakin kowane rami ki manna ta daga ciki, gam a gefe kawai. Na gwada a nan, ɗigon ruwa yana wucewa, kiyashi ba ya wucewa. Amma a nan na gwada, kuma yanzu na san iyakar abin da wannan ke nufi. Ki gwada a get ɗaya tukuna, ki gaya min abin da kika gani.

Ko kuma ki bari in zo. Na tambayi direban, ya ce gaban motarsa yana ɗaukar mutum biyu, Antinki kuma ta ce ba za a bar ta a gida ba. Ranar Asabar ta sama za mu taso. Ki samo min kujera marar tsayi wadda gwiwa za ta yarda da ita, ki ajiye ta gaban akwatin gida na tara. Ke za ki riƙe sukudireba ki yi bayani da ƙarfi yadda zan ji, ni zan riƙe miki murfi.

Kawunki.